Idon Gwaggo da Hanyar Gummi

Ana idar da sallar asuba muka bar Gusau, ni da yayana, a cikin tsohuwar motarsa wadda ba ta tashi sai an lallashe ta. Masu tambayar inda na shige kwanakin baya, ga labarin. Ba yawon buɗe ido muka je ba, ko da yake maganar ido ce ta fitar da mu.

Gwaggo ƙanwar mahaifinmu ce, ita kaɗai ta rage a ɗakinsu. Aure ya kai ta wani ƙauye a ƙasar Gwashi, cikin Bukkuyum, mijin ya rasu ta ci gaba da zama a ɗakinta tana sana'ar daddawa. Tun bara muke jin idonta na ciwo, amma kun san ciwon ido a bakin mutanenmu, sai a ce Allah Ya sawwaƙe a wuce. Ranar Lahadi ɗanta ya kira ni. Taubashina ne, ban taɓa ɗaga wayarsa ba tare da ya fara da tsokana ba. Ran nan ko gaisuwa bai ƙarasa ba.

"Ijiyar Inna ta hito waje," in ji shi. Ido ke nan a bakinsu. "An ce ran Laraba wanzami za shi yi mata sakiya."

A makon ne kuma na ji a rediyo cewa wasu likitoci daga Sakkwato za su sauka Gummi su duba masu ciwon ido da hanci da fata. Na gaya wa Yaya, ya ce in shirya kawai.

Hanyar Bunguɗu zuwa Maru lafiya lau. Daga Mayanchi, inda ake karyawa a nufi Anka, nan direba ke fara zaɓen ramin da zai faɗa, don ba a kauce musu duka. Kaka ta yi, an yanke gero an jera dammuna a bakin gonaki, dawa kuma ta sunkuyar da kai tana jiran lokacinta. Mata na sussuka a gindin itatuwa. Duk shingen da muka tarar sai a leƙo a ce, "Alhaji, ya hanya?" Yaya bai taɓa zuwa Makka ba, amma ran nan ya amsa sunan har ya gaji.

A Anka muka karya kumallo. Na sayi hoce mai zafi, wainar dawar nan da ake gasawa, aka yi mini datunsa, wato kwaɗo, da ƙuli-ƙuli da albasa, Yaya ya zauna wurin mai shayi. Komai na garin ya fi na Gusau tsada, har ƙwan da ake soyawa. Na yi ƙorafi, mai shayin ya yi dariya ya ce garin da ake haƙo zinari a bayansa ba a tayin ƙwai. Gaskiyarsa. A kan bencin nan kaɗai na ji Hausar Katsina, na ji ta mutanen Nijar, na ji ta wani da ko tantama babu daga kudu ya zo. Duk zinari ya tara su. Ta gefen titi kuma mata ne ke wucewa da goyo, sun nufi inda ake duba yaran da gubar dalma ta taɓa. Ba mai nuna su, ba mai maganarsu. Abin ya zama jiki, kuma wannan ya fi komai tsaya mini a rai.

Nan taubashina ya same mu, daga wajen Tungar Daji inda yake aikin dutse. Ya rame. Ya kalle ni ya ce, "Malama, har yau alli aka ci?" Na ce gara alli da tonon rami kamar gafiya. Muka yi dariya, amma ba ta yi nisa ba. Muna shiga mota ya fara ba mu labari. Babu abin da bai saya ba: maganin ɗigawa na kemis kala-kala, rubutu, hayaƙi, wani garin magani da ake kwaɓawa a shafa. Wani mai magani ya ce kambun baka ne, wani ya ce jifa aka yi mata saboda kasuwarta ta fi ta kowa.

Mun shiga Bukkuyum rana ta take, muka tarar kasuwa na ci. Buhunan sabon gero, wake, jakuna, Fulani da ƙoren nono, 'yan kabu-kabu sun yi layi a bakin tasha. Nan muka bar motar a gidan wani abokin Yaya, domin hanyar ƙauyen Gwaggo ba ta mota ba ce sai tsakiyar rani. Ɗan kabu-kabun da ya ɗauke ni ya ce in riƙe ƙarfe da kyau. Na ɗauka ba'a ce. Mun ratsa yashi, mun ratsa laka, mun sauka mun tura, a wani rafi na tattare zane na taka da ƙafa, takalmi a hannu. Duk tsawon hanyar abu ɗaya nake tunani: ta nan mai naƙuda ke bi, ta nan za mu fito da tsohuwa mai ciwo.

Mun same ta zaune a ƙofar ɗaki ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Ta gane muryar Yaya kafin ya gama sallama.

"Mi kunka zo yi cikin ranag ga? Wa yam mutu?"

"Ba wanda ya mutu, Gwaggo. Gaishe ki muka zo yi."

"Ƙarya kakai, ɗan nan. Kama da ubanka, shi ma bai iya ta ba."

Sai da maza suka fita sannan ta yarda ta buɗe mini. Na yi ƙoƙari kada fuskata ta nuna abin da na gani. Idon hagu ya turo gaba ya karkata gefe, kamar ana tura shi da yatsa daga ciki, fatar ba ta iya rufe shi duka. Kewayensa ya yi baƙi ya saɓule saboda magungunan da ake shafawa. Da baki take numfashi, muryarta ta toshe kamar mai tsohuwar mura. Na tambaye ta ko tana gani da shi, ta ce tana gani, sai dai komai biyu-biyu. "Ke ma ga ki nan ku biyu, kuma duk ba ku da ƙiba."

Muna cikin hira na ji ƙauri. Miyar da ta ɗora ce ta kama, a murhun da ke kusa da ƙafarta. Ni na tashi na sauke. Ita ko motsi ba ta yi ba, na ɗauka hankalinta ne ya tafi wani wuri.

Da na kawo maganar Gummi ta ce ba ta zuwa. Akwai wani mutumin ƙauyensu da aka kai asibiti da ciwon ido, ya dawo babu idon. "Su ɗebe min ijiya in koma ga Ubangijina da rami ga huska? Yadda Ya ba ni su biyu, haka ni ka maida mai." Yaya ya yi lallashi, ɗanta ya yi, ta juya musu baya. Ni kuwa ban iya ce mata ba za a cire ba, don ban sani ba.

Bayan la'asar wanzamin ya zo ganin wurin da zai yi wa aiki. Dattijo ne, shi ya yi wa rabin ƙauyen kaciya da cire beli. Ya tsuguna ya duba, ya taɓa gefen idon a hankali. Sannan ya miƙe ya rataya zabirarsa.

"Kumburin da ni sani yana da baki, in ka latsa shi ya nuna ma inda za ka shiga. Wanga ba shi da baki. Ban sa ƙarhe inda ban ga hanya ba. Ku tai da ita."

Da shi Gwaggo ta dogara, ga shi ya janye hannu. Can ta ce da Yaya, "In na ce a'a, a'a ce?" Ya ce, "Wallahi ba mai taɓa ki sai da yardarki." Ta ce to, a nemo mata zanenta na fita.

Washegari da sassafe muka fito. Aka sa ta a tsakiya, ɗan kabu-kabu a gaba, ɗanta a baya yana riƙe da ita. Ba ta yi ƙorafi ko sau ɗaya ba, sai da muka iso mota ta ce ƙashin bayanta ya gaishe da kowane dutse na ƙasar Gwashi. Daga Bukkuyum muka hau titi, muka wuce Daki Takwas inda masu rake da soyayyen kifi ke rufe mota kafin ta tsaya. Yayin da ake kusantar Gummi ƙasa na sauyawa. Fadama ta buɗe, shinkafa ta yi jawur, ga ƙwarya an fafe an jera a bakin hanya tana shan rana. Gwaggo ta leƙa da ido ɗaya ta ce ƙoren nan sun fi na kasuwarsu kyau, in an gama a tsaya ta taya.

Asibitin ya cika ya batse. Mutane a baranda, a gindin darbejiya, wasu tun jiya suka kwana. Wata nas ce ke raba jama'a, Kirista ce, daga jin Hausarta mutuniyar wajen Zuru ce, kowace tsohuwa Inna take ce mata. Masu ido nan, masu hanci da kunne can, masu fata a gefen masu ido. Ta dubi Gwaggo sau ɗaya ta kama hannunta ta kai mu kusa da ƙofa.

A nan na zauna kusa da wata Bafulatana, ba za ta wuce sa'ata ba. Ta naɗe hannayenta cikin gyale duk da zafin da ake yi. Da hira ta yi hira ta buɗe mini: fari ne fat ya fito mata a yatsu da bayan hannu, kamar an ɗiga madara. Nono take sayarwa. Tun da abin ya bayyana aka ce kuturta ce, masu saye suka watse, har a ruga aka ware mata ƙwarya. An kira ta kafin mu, kuma da yake labule kawai ya raba, na ga abin da aka yi. Likitar fata ta sa ta rufe ido, ta riƙa shafa auduga a kan farin tana tambaya, "Kin ji? Nan fa?" Ko'ina tana ji. Ta matsa mata jijiyar gwiwar hannu, ta duba bayanta da ƙafafunta. Sannan ta kama hannun da nata hannun, babu safa, ta ce ba kuturta ba ce. Launin fata ne ya gudu daga wurin, ba a ɗauka, ba ya cin yatsa. Akwai man da za a gwada, amma ba ta yi mata alkawarin zai koma yadda yake ba.

Matar ta fito ta zauna inda ta tashi. Na ce mata barka. Ta dubi hannunta ta ce, "Ni na ji. To wa za shi gaya ma kasuwa?"

Sai nas ɗin ta leƙo ta kira mu.

Likitan ido matashi ne mai sanyin magana. Ya rufe wa Gwaggo ido ɗaya ya sa ta ƙirga yatsu, ya haska fitila, ya sa ta bi yatsansa sama da ƙasa. Ya ɗiga wani magani ya leƙa can ciki. Ya tambayi abin da ake ɗiga mata, ɗanta ya zazzage leda guda a kan tebur. Likitan ya ware wasu kwalabe ya ce waɗannan kada a sake, suna kwantar da ja amma suna iya kashe ido a hankali. Daga nan ya ce, "Inna, idonki lafiyarsa ƙalau. Wani abu ne ke turo shi." Ya leƙa waje ya kira abokin aikinsa, likitan hanci da kunne.

Wannan babba ne, da furfura a gemu, da fitila ɗaure a goshi. Bai fara da idon ba. Ya ja kujera ya zauna daf da ita ya tambayi sana'arta.

"Daddawa ni kai. Da."

"Me ya sa kika bari?"

"Ta bar yi min kyau. Sai in buɗe ta ba ta nuna ba, ko in bar ta ta wuce."

"Da can yaya kike gane ta nuna?"

Gwaggo ta dube shi kamar ya yi tambayar yara. "Da hanci mana."

"Yaushe rabon ki ji warinta?"

Ta yi lissafi da damina. Ta ce tun kafin idon ya fara, da daɗewa. Ba ta taɓa gaya wa kowa ba, don a ganinta tsufa ne, kuma wa zai je asibiti don bai ji warin daddawa ba? Wasu ma sai su ce ta huta. Sai a lokacin na gane abin da ya faru da miyar jiya.

Ya sa wani ɗan ƙarfe ya buɗa hancin ya haska, ya kira ni ya ce in duba. Wata tsoka ce fara-fara, sumul kamar ɓararren inabi, ta cike ƙofar hagu. Ya ɗauki takarda ya zana mana fuska. Ya ce a cikin ƙashin fuskar kowa akwai koguna, a goshi, a kumatu, da tsakanin hanci da ido, duk suna zubarwa ta hanci. In tsiro ya toshe ƙofarsu, abin da ke ciki ba ya samun mafita, sai ya taru ya yi ta tura bango. Bangon da ke tsakaninsu da ido kuwa bai fi ɓawon ƙwai kauri ba.

Yaya ya yi tambayar da duk muke tsoro. "Likita, ba daji ba ne?"

"Ban ce ba, ban kuma ce a'a ba. Abin da na gani ya fi kama da mai sauƙin. Amma ido na iya ruɗin likita. Sai an ɗauki hoton cikin kai a Sakkwato, an kuma ɗebi tsokar an auna. Abin da na tabbata shi ne kada a jinkirta. In ya matse jijiyar gani, ba ta dawowa."

Gwaggo ta gyara zama. "Ɗan nan, gaya min gaskiya. Ɗebe ta za ku yi?"

"Inna, ni ba ruwana da idonki. Ta hanci zan shiga in kwashe abin da ke bayansa. In Allah Ya yarda shi da kansa zai koma ɗakinsa."

"In bai yarda ba hwa?"

"To zan gaya miki da bakina kafin in yi komai."

Ta daɗe tana kallonsa da idon mai lafiya. Sannan ta ce, "Kai dai ka yi kama da mai tsoron Allah." Yardarta ke nan. Likitar fata ta duba ƙunar da ke kewayen idon, ta ba da man shafawa, ta ce ruwa mai tsabta kawai, kada a ƙara kwaɓa komai. Nas ɗin nan ta koya mini yadda zan riƙa rufe idon in za ta yi barci don kada ya bushe.

Ba mu daɗe a Gummi ba, domin kowa ya ce mana kada la'asar ta same mu a hanyar Anka, zamani ya fara sauyawa. Duk da haka sai da Gwaggo ta taya ƙwarya. Ta yi ciniki kamar ba ita aka gama yi wa maganar fiɗa ba, ta saya biyu, ta ce mai ƙwaryar ɓarawo ne amma kayansa na da kyau. Muka ci tuwon shinkafa da miyar kifi a tsaitsaye. Na waiwaya ko zan ga Bafulatanar nan in yi mata sallama, ban gan ta ba. A Anka muka sauke taubashina ya koma bakin aikinsa. Ya leƙo ta taga ya ce, "Malama, amana." Karo na biyu ke nan a rayuwata da ya yi mini magana babu tsokana. Ana kiran magariba muka shiga Gusau.

Sauran labarin gajere ne. Yaya ya kai ta Sakkwato, hoto ya nuna kogunan hagu a cike taf. Aka yi aikin ta hanci kamar yadda likitan ya faɗa, ko tabo babu a fuska. Likitan ya ce abin da suka kwaso kauri gare shi kamar tunkuza, wata irin fumfuna ce jikinta ya ƙi jituwa da ita. Awo ya dawo, ba daji ba ne. Idon ya fara komawa, bai gama ba, kuma an ce mai yiwuwa ba zai daidaita da ɗan'uwansa sarai ba. Ciwon yakan dawo in an yi sake, don haka akwai wankin hanci da ruwan gishiri kullum, da maganin fesawa, da komawa asibiti lokaci-lokaci. Yanzu haka tana ɗakina, ta karɓe ragamar gidan, ta ce ban iya tankaɗe ba.

Na dawo da abubuwa a raina. Na ga cewa inda ciwo ke nunawa ba lallai nan yake zaune ba, kuma shekara guda ana ɗura wa ido magani alhali laifin na maƙwabcinsa ne. Na ga amfanin mai sana'ar da zai ce ban sani ba, ko wanzami ne ko likita. Na kuma ga cewa gano ciwo rabin aiki ne: an wanke Bafulatana a ɗakin likita, amma ba a wanke ta a kasuwa ba. Ku da ke karanta wannan, in kuna da tsoho a ƙauye, kada ku tsaya ga "lafiya lau" ta waya. Ku je ku zauna, ku tambayi abin da ya daina yi da dalilin dainawar.

Jiya na ce da Gwaggo ta ga ikon Allah, ciwon da ya gagari kowa ashe yana da magani. Ta girgiza kai.

"Bai gagari kowa ba, ɗiyata. Mu da mai maganin ne ba mu gamu ba. Ke kin zo kin ɗauke ni. Saura da ba su da mai zuwa hwa?"